Rigar Tsinke

Da mutum yana jin takun masifa kafin ta iso, da na ji shi ranar Litinin ɗin da Auta ya ajiye wata riga a kan teburin yankana. Ban ji komai ba sai ƙarar keken ɗinkina. Amma gara in faɗa tun yanzu: abin da ya biyo bayan rigar nan ba mai daɗin ji ba ne, kuma da hannuna a ciki.

Ni tela ne. Shekara ashirin da shida ke nan ina taka keke, karatuna kuwa bai wuce firamare ba. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, jikin shagon wani mai walda. Keke biyu ne a ciki, ɗaya ya mutu tuntuni na mayar da shi wurin ajiye zare, sai teburin yanka, da benci, da wata fanka mai juya kai kamar wanda ake roƙo yana ƙi. Daga inda nake zama ina hango tsallaken titi, inda wata falwayar wutar lantarki take tsaye a bakin kwata.

Auta shi ne na ƙarshe cikin 'ya'yana huɗu. Shekararsa sha biyu a lokacin, ya shiga ajin farko na sakandare. Bahago ne tun yana rarrafe, almakashina ma ba ya yi masa yanka, sai dai ya tauna yadin. Ni kuwa mutum ne mai fargaba, ban ɓoye ba. In ya yi tari sau biyu sai aiki ya gagare ni. In an tashi makaranta da minti goma bai iso ba, za ka gan ni a bakin titi da tef a wuya. Uwarsa takan ce da fargaba sana'a ce, da tuni na gina bene.

Rigar da ya ajiye farar rigar makaranta ce, amma kallo ɗaya na yi mata na san ba tasa ba ce. Nasa guda uku ni na ɗinka su, kafaɗa inci goma sha uku. Wannan ɗinkin kasuwa ne, kafaɗar ba ta fi sha ɗaya ba, yadin ya sha wanki har ana hango haske ta cikinsa. Kwalar ta ɓalle daga baya, yagar ta gangaro kamar tsawon yatsa.

Na ce, "Ta wa ce?"

"Ta abokina ce, Baba. Ƙusa ce ta kama shi."

"Wane abokin?"

Ya nuna tsallaken titi da haɓa. Wani yaro siriri yana tsaye jikin falwayar, daga shi sai singileti da wandon makaranta, ya rungume jakarsa a ƙirji, kansa a ƙasa.

"Tsinke ake ce masa," in ji Auta. "Benci ɗaya muke zama. A wurin kawunsa yake, direban babbar mota ne. In ya ga rigar a yage zai yi masa dukan tsiya. Don Allah Baba ka yi yadda ba za a gane ba."

"Me ya hana shi shigowa?"

"Kunya yake ji. Yana da i'ina, ba ya son a yi ta yi masa tambaya."

Na bar maganar a haka. Ɗaga hannu kawai zan yi in yafito shi, ban yi ba.

Duk telan da ya kwana biyu a sana'a ya san yaga kamar yadda likita ya san ciwo. Ƙusa in ta kama yadi, yaga take yi mai kusurwa, kamar lamba bakwai. Reza tana barin baki sumul. Hannun mutum kuwa in ya fizga, zaren yakan miƙe kafin ya tsinke, sai bakin yagar ya yi gashi-gashi. Ta rigar Tsinke gashi-gashi ce. Na gani, na sani, na yi shiru. Na ce a raina yara ne, ba a raba su da kokawa.

Gyara iri biyu ne. Akwai faci: ka sa ƙyalle mai ƙarfi ta ciki, ka bi shi da keke sau biyu ko uku. Inda aka yi faci ba ya sake yagewa, amma ko makaho ya shafa zai san an taɓa wurin. Akwai kuma ɗinkin ɓoye, wanda maigidana marigayi ya koya mini. Za ka zaro zare daga kalmasar rigar kanta, ka ɗauki ƙaramar allura kana saƙawa sili ɗaya-ɗaya har bakin yagar ya haɗe. Ba shi da ƙarfi, amma ido ba ya kama shi. Duk layinmu ni kaɗai na iya shi, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Shi na yi wa rigar. Na bi ta da dutsen guga, Auta ya tsallaka ya kai masa. Yaron ya juya ta gaba da baya yana neman wurin, bai samu ba. Ya ɗago ya dubi shagon, ya ɗan rusuna daga can, ya sa rigarsa ya tafi.

Kafin zangon karatun ya ƙare, sau shida rigar nan ta dawo hannuna. Yau kwala, gobe aljihu, wani satin kafaɗa, sau uku a tsakiyar baya. Kullum ƙusa ce. Kullum yaron yana jikin falwaya da singileti, ko da rana ko da yayyafi. Mai walda har ya saba.

"Likitan riga, yau ma tiyata?" Haka zai leƙo yana ɗaga baƙin gilashinsa. "Wannan ƙusar ta makarantar nan, ai gara a ɗauke ta aikin gadi."

"Koma ka ci gaba da kashe mana ido," in ce masa.

"To in ka gama ka ɗinke mini kunne, kekenka ya huda shi."

Sai mu yi dariya. Yaron yana tsallake yana kallonmu muna dariya.

Akwai wani shiri da nake saurara a rediyo ranar Asabar da hantsi, wata malama ce take ba iyaye shawara. Ta ce ku zauna da 'ya'yanku, ku tambaye su, ku saurare su. Na ɗauki maganar da muhimmanci. Na zaunar da Auta a benci na kashe fanka.

"Yaya makaranta?"

"Lafiya lau."

"Babu wata matsala?"

"Babu."

"To madalla."

Na kunna fanka na koma kan keke, raina fes, wai na saurari ɗana.

A sati na uku na sabon zango, wata Laraba, Auta ya shigo da tasa rigar a yage. Aljihun yana reto, maɓalli biyu sun tafi, leɓensa na sama ya kumbura. Ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Sai a ranar na yi tambaya ta gaske, shi ma sai a ranar ya ba ni amsa.

Ya ce wasu manyan yara uku ne 'yan aji uku. A bayan ajujuwa akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da tsani a jikinsa. Nan suke tare Tsinke in an tashi. Sai su riƙe shi ta kwala su ce ya karanta musu jadawalin lissafi, in ya maƙale a wata kalma su yi ta dariya suna fizgar sa daga wannan zuwa wancan. Tun farkon shekara ake yi. Ya ce shi yakan tsaya ne ya jira su gama, ya ɗauko masa jakarsa su taho tare. Yau ne ya kasa haƙuri, ya shiga tsakani.

Na ɗauki rigarsa. Ban san lokacin da na zaro zare daga kalmasa ba. In hankalina ya tashi, hannuna aiki yake nema. Kafin la'asar rigar ta koma sabuwa.

Uwarsa da ta ga leɓen ta ce, "Gobe da safe ka je makarantar. Ba wai-wai."

"Me zan ce musu?"

"Abin da ya faru mana! Sai ka ce an ce ka je kotu."

Ita ba ta sani ba, ofishin makaranta ya fi mini kotu. In na shiga irin wurin nan sai in koma ɗan shekara goma da bai yi aikin gida ba. Amma na je. Na sa rigata mafi kyau, na nannaɗe rigar Auta a leda.

Shugaban makarantar mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera. Na yi bayani ina haɗa gumi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam Tela, maganar nan babba ce. Iyayen yaran nan za su ce ina shaida. Ka ce an yayyaga musu riguna?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ga ta ɗana ma."

Ya zare ta daga leda, ya ɗaga ta wajen taga. Ya juya aljihun. Ya sa tabarau, ya sake dubawa.

"Ina yagar?"

"Na... na gyara, ranka ya daɗe."

Ya aika aka kira Tsinke daga aji. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙafafunsa. Shugaban ya zagaya shi, ya ɗaga kwalar, ya shafa bayan rigar. Babu komai. Fara tas, a goge. Ya tambaye shi ko akwai mai takura masa. Yaron ya buɗe baki, harshensa ya sarƙe a harafin farko, ya yi ta fama har jijiyar wuyansa ta fito, daga ƙarshe ya girgiza kai kawai. Aka ce ya koma aji.

"Gaskiya hannunka yana da kyau," in ji shugaban yana miƙo mini rigar Auta. "Ina da wata kwat da asu ya taɓa, zan aiko maka. Maganar yaran kuma zan ja musu kunne. Ka kwantar da hankalinka, wasan yara ne."

Ya ja musu kunnen, har ma ya gaya musu wanda ya kawo ƙara. Washegari Auta ya dawo ya ce sun tare shi a bakin famfo, babbansu ya ce masa, "Ɗan tela, ka gaya wa babanka ya tanadi zare da yawa."

Ranar ban iya cin abinci ba. Na yi ta hango ɗana a ƙasa, manyan takalma a kansa. Da yamma na rufe ƙofar shago rabi, na zaunar da shi a benci, na durƙusa a gabansa har gwiwata tana ƙara.

Na ce, "Auta, ka saurare ni da kyau. Yaran nan ba kai suke nema ba, abokinka suke nema. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga ranar Litinin ka canja benci. In an tashi ka bi ta babbar ƙofa ka taho gida kai tsaye. Kada ka jira shi, kada ka ɗauko masa jaka, kada ka sake kawo mini rigarsa."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. "Baba, ba shi da kowa fa."

"Yana da kawunsa."

"Kawunsa sai ya yi sati biyu a hanya."

"Ni dai kai na haifa. Ka yi mini alkawari."

Ya daɗe yana murza gefen wandonsa da hannun hagu. Sannan ya ce, "To."

Auta yaro ne mai jin magana. Abin da nake yi wa Allah godiya a kai ke nan kullum, kuma shi ne ya kai mu inda ya kai mu.

Ranar Litinin da ƙarfe biyu da kwata, Tsinke ya zo ya tsaya jikin falwaya da singileti, rigarsa a hannu. Auta yana cikin shago, ya juya wa ƙofa baya, ya buɗe littafi a kan teburin yanka. Minti talatin shafin bai juya ba. Ni kuwa na duƙufa a kan keke ina ta takawa da ƙarfi, ina bin wata kalmasa da na riga na gama. Inuwar falwayar ta tashi daga ƙafarsa ta tsallaka kwata, yana nan. Da na sake ɗagowa, babu shi.

Ya zo Talata. Ya zo Laraba. Ranar Laraba mai walda ya leƙo, bai ɗaga gilashinsa ba, ya ce, "Likita, majinyacinka yana jira fa."

"Aiki ya yi mini yawa," na ce.

Ya koma shagonsa. Daga ranar yaron bai sake zuwa ba.

Shawarata ta yi aiki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna. Auta ya riƙa dawowa da rigarsa fes. Bayan sati biyu na ga babban yaron nan ya sauke shi a kan kekensa a bakin shago, har ya gaishe ni da ladabi. Na ji daɗi. Na ce wa uwarsa, "Kin gani ko? Rigakafi ya fi magani." Auta ya koyo wata sabuwar dariya, gajeriya, ta hanci. Wata rana muna cin abinci yayarsa ta tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya karkace baki ya ce, "Ha-ha-ha-hamsin da shi-shi-shida." Yayar ta tuntsire da dariya. Uwarsa ta buge masa hannu ta ce, "Allah ya shirye ka, halittar Allah kake kwaikwayo?" Ni na ci gaba da cin abincina.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, ƙarfe biyu da rabi ta wuce Auta bai iso ba. Ina tsaye a bakin titi har uku saura. Da ya ɓullo, a ƙafa yake, shi kaɗai. Ya wuce ni bai gaishe ni ba, ya shiga shago, ya zaro wani abu daga jakarsa ya ajiye a kan teburin yanka, daidai inda ya ajiye ta ranar farko. Sannan ya zagaya bayan shago wurin famfo. Na ji ruwa yana zuba, yana zuba, bai tsaya ba.

Rigar Tsinke ce. Ta tsage daga kwala har kusan ƙugu. Akwai tsatsa a gabanta, da laka, da wani ɗigo-ɗigo a kafaɗar dama wanda ba tsatsa ba ne.

Na same shi yana wanke hannun hagunsa. Farcen babbar yatsarsa ya karye har cikin nama.

"Me ya faru?"

"Ya faɗo."

"Daga ina?"

"Daga tsanin tanki."

"Yana ina yanzu?"

"An tafi da shi asibiti."

"Kai kana ina lokacin?"

Ya ci gaba da murza hannun a ƙarƙashin ruwa. Na kashe famfon. Ya tsaya yana kallon bakin famfon yana ɗiga.

Sauran labarin a bakin malamin ajinsu na ji shi washegari. Ya ce manyan yaran sun jefa jakar Tsinke saman tanki, suka ce ya hau ya ɗauko. Ya hau. Ya kusa kaiwa ƙarshe sai ya faɗo a kan simintin ƙasa, hannunsa ya karye, kansa ya bugu. Da malamai suka iso yana numfashi amma ba ya magana. Suka cire masa abin da ya rage na rigar don su duba jikinsa, aka yar da ita gefe.

"Akwai abin da ya kamata ka sani, Malam Tela," in ji malamin, ya rage murya. "Ɗanka ma yana kan tsanin. Yana ƙasa da shi da taki uku ko huɗu. Wasu yaran sun ce manyan ne suka tura shi ya janyo shi. Wasu sun ce da kansa ya bi shi. Na tambaye shi, ya ƙi magana."

Na koma shago na shimfiɗa rigar a kan teburi, na kunna fitilar keke duk da rana ce. Abin da na iya ke nan, karanta yaga.

Hannu ne, babu shakka. An damƙi kwalar ta baya, wurin yatsu huɗu ya lotsa a cikin yadin, kuma yagar ta karkata ne zuwa hagu. Hannun dama ba ya yin haka. A cikin yaran nan duka, bahago ɗaya na sani.

Sai na juya rigar ciki waje. Na zauna a benci ina dubawa. Yagar ba a sabon wuri ta bi ba. Ta taso daga ɗinkina na farko a kwala, ta faɗa na biyu, ta bi ukun nan na tsakiyar baya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin hanyar da aka share masa. Duk zaren da na saƙa sili-sili ya tsinke. Yaron bai fi nauyin buhun ƙyalle ba. Da faci na yi masa tun farko, ƙyalle biyu da ɗinki uku, rigar nan za ta iya ɗaukar sa ko da na ɗan lokaci ne. Kuma da faci ne, da kawunsa ya gani, da shugaban makaranta ya gani, da duk mai ido ya gani.

Wannan karon ban taɓa allura ba. Na kai rigar makaranta yadda take, na juya ta ciki waje a kan teburin shugaban, na nuna masa tabo bakwai da yatsana, ina faɗa masa watan da aka yi kowanne. Bai yi maganar kwat ba. An kori manyan yaran uku na wata guda, aka yanke tsanin tankin daga ƙasa. Mai walda ne ma aka kira ya yanke shi.

Na je asibitin, aka ce an mayar da shi wani babban asibiti. Na nemi gidan kawun har na samu, ɗaki ɗaya a ƙarshen wani dogon gida, da kwaɗo a ƙofa. Wata mata mai shanya ta ce kawun ya zo ya kwashe kayan yaron, ya ce zai mayar da shi wurin uwarsa. Wane gari? Ba ta sani ba. Ya farfaɗo? Ta ce ita dai ta ga an fito da jaka da takalmi. Na koma sau huɗu. A na huɗun wasu mutane ne daban a ɗakin.

Rigar tana shagona har yanzu, a rataye a ƙusa bayan tsohon keken. Uwar Auta ta ce ko in ɗinke ta ko in yar, in daina azabtar da kaina. Na kasa yin ko ɗaya. In fanka ta juyo kanta wajen, sai rigar ta cika da iska, kafaɗun su ɗaga, sannan ta saki. Na canja mata wuri sau biyu, iskar tana samun ta. Kuma kullum ƙarfe biyu da kwata ƙafata takan tsaya da kanta a kan keke, in ɗaga kai in dubi falwaya. Sau da yawa babu kowa. Wani lokaci, in rana ta yi ƙarfi kuma mota ta gifta, sai in ga kamar farin singileti. Na taɓa tsallakawa da gudu har mai babur ya zage ni. Takarda ce aka manna a jikin falwayar, gefenta ya ɓalle yana kaɗawa.

Na daina ɗinkin ɓoye a kayan makaranta. In uwa ta kawo mini rigar ɗanta a yage, sai in duba bakin yagar, in ce, "Baiwar Allah, wannan ba ƙusa ba ce. Ki zauna da shi ki tambaye shi, in ya ce lafiya lau kada ki tashi." Sannan in yi faci, mai ƙarfi, wanda ake gani daga nesa. Wasu suna godiya. Wasu suna cewa hannuna ya lalace, su kai wani wuri.

Auta ya daina dariyar hancin nan. Ya daina dariya ma gaba ɗaya, sai jefi-jefi. Yana zuwa makaranta, yana cin jarrabawa, ba shi da aboki ko ɗaya da na sani. In ya dawo yakan zauna a benci, amma yanzu fuskarsa yake ba ƙofa.

Wata biyar bayan abin, wata Asabar da hantsi, muna zaune mu biyu, malamar rediyo tana magana, na miƙa hannu na kashe ta. Na sauko da rigar na shimfiɗa a tsakaninmu. Na nuna masa ɗinkina bakwai, na gaya masa bambancin faci da ɗinkin ɓoye, na gaya masa cewa tun ranar farko na san ba ƙusa ba ce. Na ce masa shawarar da na ba shi a kan wannan bencin muguwar shawara ce, tsoro ne ya ba ni ita, ni kuma na ba shi.

"Duk abin da ya faru a kan tsanin nan," na ce, "ni na fara shi. In riƙe shi ka yi rigar ta ci amanarka, laifin ɗinkina ne. In kuma wani abu ne daban, ka faɗa mini, ba zan tashi daga nan ba. Ni ubanka ne ko ta yaya."

Ya sa yatsun hagunsa a kan kwalar, daidai inda yadin ya lotsa. Yatsun suka zauna a wurin cif. Farcen ya riga ya fito sabo. Ya daɗe a haka, ni kuma na riƙe bakina, ban cika shirun da "to madalla" ba.

Can ya ce, "Ba ɗinkin ba ne, Baba."

"To mene ne?"

Ya ɗauke hannunsa. Ya tashi ya mayar da rigar kan ƙusarta da kansa, ya gyara mata kafaɗu, ya dawo ya zauna kusa da ni, kusa fiye da yadda ya saba. Muka yi ta kallon titi har aka kira azahar.

Na juya maganar nan tasa a raina ta kowace fuska. Wataƙila lallashina yake yi. Wataƙila gaskiya ya fara faɗa mini, ya kasa ƙarasawa. Duk Asabar nakan kashe rediyo in zauna tare da shi, ko zai ci gaba.

Har yau ban san ko hannun ɗana ya kai ga kwalar nan don ya riƙe abokinsa ba ne, ko don ya janyo shi. Ban san garin da aka kai yaron ba, kuma ban san ko ya tashi ba.